Fitilar Malam Iro Mai Rijiya

Ranar nan ina zaune a zaure na ji Kabiru, autan ƙanena Sani, yana gaya wa abokan aikinsa wai haƙar rijiya irin ta da ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai, duk wanda ya ƙoshi da tuwo zai iya. Shi da yake bin motar haƙa burtsatse da hular kwano a ka, ya murɗa ƙarfe ƙasa ta buɗe masa, bai taɓa ɗaga kai ya ga sararin sama ya koma kamar faifai ba. Ban tanka ba, don akwai goro a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. To ku matso, kai Kabiru da abokan naka, in ba ku labarin kakanka da ba ka taɓa gani ba, Malam Iro mai rijiya, Allah ya jiƙansa.

Ni ne ɗansa na fari. Sunana Lawal, ko da yake a bakinsa ban san wannan suna ba, kunyar ɗan fari ta hana shi faɗa. "Kai" yake ce mini, in yana cikin nishaɗi ya ce "mai igiya". Gidanmu na nan lungun Ƙofar 'Yandaka inda kuka san shi. Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar dutsen niƙa. A bisa ƙasa ba shi da yawan magana, sai ka wuni da shi bai wuce gaisuwa ba. Amma da zarar ya shiga rijiya sai baki ya buɗe, ya yi waƙa, ya yi zikiri, ya tsokani wanda ke sama. Ba don daɗi yake yi ba. Dokarsa ce wanda ke ƙasa ba ya yin shiru, ko tari ne ya yi, don na sama ya san da ransa.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Akwai dagi gajere, don dogo ba ya juyuwa a cikin rami. Akwai ƙaramar fartanya, da gugan fata, da ɗamarar fata guda biyu, irin wadda mai sauka ke ɗaurawa a ƙugu. Akwai ƙugiya mai baki uku ta ciro guga in ya faɗa. Igiyar rama guda biyu ce, ɗaya ta guga, ɗaya ta mutum. Sai fitila, aci-balbal ce ta ƙasa, da Baba ya zaunar cikin wani gwangwani da ya huhhuda, ya ɗaura masa siririyar igiya. Ku riƙe wannan fitila a ranku, labarin nata ne.

Koyon aikina a bakin wata rijiya ya fara, a gidan wani mahauci. Na zaci Baba zai ba ni dagi, sai ya miƙo mini igiya. Haka na yi shekaru ba na komai sai riƙe igiya, har na fara jin haushi, ina ganin raina ni ya yi. Yakan sa in rufe ido, ya ɗaura wani abu a ƙasa, ya ce in faɗi mene ne. Laka ce ko yashi? Guga ya cika ko da saura? Mutum ne mai taimakon kansa da ƙafa, ko mutum ne da ya saki jiki? In na yi kuskure ba duka ba zagi, sai dai ya fito ya zauna ya ce yau ba aiki, tunda ba shi da mai igiya. Wannan ya fi mini bulala ciwo. Sai da hannuna ya iya ji kamar kunne sannan ya bar ni na taka ramukan da muke sara a jikin bango, hagu da dama, na sauka.

Wata tsohuwar rijiya a bayan hasumiyar Gobarau ita ta nuna mini abin da fitilar nan take. Gidan wani malami ne, rijiyar ta daɗe a rufe da itace da tabarma, aka kira mu yasa, wato kwashe laka da shara a buɗe idon ruwa. Na leƙa, ban ga komai ba, ban ji wari ba, na fara ɗaura ɗamara. Baba ko kallona bai yi ba. Ya kunna aci-balbal, ya yi bisimilla, ya zura ta a hankali. Tana tafiya tana ci, tana tafiya tana ci, sai wutar ta yi ƙasa, ta yi shuɗi, ta mutu, ba iska ba ɗigon ruwa. Ya ce mini da ni ne na sauka, a daidai wurin nan zan saki bango. Muka sassaro rassan bedi, wato dogon yaro, muka ɗaure, muka yi ta zura su muna fizgowa, muna korar mugun iskan, har hantsi ya wuce. Maigidan yana ta zagaye yana cewa rijiyar kakansa ce, ba ta taɓa cin kowa ba. Baba ya bar shi yana faɗa. Sai da fitila ta kai har kan ruwa tana ci sannan ya sauka.

Tun kakanninmu haka ake yi. Fitila ta ci, mutum ya sauka. Fitila ta mutu, ko sarki ne ya aiko a jira. Ba mu taɓa jin ta yi wa wani ƙarya ba.

Fitilar a hannun Inna take kwana, mahaifiyarmu. Kullum da safe ita ke wanke ta, ta murza sabon lagwani na auduga, ta zuba man gyaɗa mai kyau wanda ko a miya ba ta sa irinsa, ta miƙa wa Baba a bakin ƙofar tsakar gida. Da yamma shi da hannunsa yake mayar mata, ba ya aiken kowa. Ta duba man da ya rage, daga nan ta san irin wunin da ya yi. Ban taɓa jin sun yi wata doguwar hira a gabanmu ba, amma duk unguwa an san ba ya cin tuwon da ba ita ta tuƙa ba, ko gidan biki aka kai shi.

Sau ɗaya na ga ta tsaya masa, ranar da ya ce Sani ma ya isa fara bin mu. Ta riƙe fitilar ta ƙi saki.

"Malam, ɗiya maza biyu gare ni," in ji ta. "Ka ɗauki guda na yi shiru. Yanzu kuma su duka za ka kai bakin rami?"

Sai ya ce, "In na hita da su biyu, biyu zan maido maki. Wanda duk na saukar, ni ke hiddo shi."

Ta sakar masa fitilar. Wannan magana kuwa ba ga mu kaɗai ya riƙe ta ba. Duk tsawon aikinsa, daga cikin birni har ƙauyukan da ake kiransa, bai taɓa barin mutum a rijiya ba, kuma da wannan ake saninsa.

Yasar rijiyar gida mai yawan mata ita ce aikin da ya fi so. Abin da ke ƙarƙashin irin wannan rijiya sai wanda ya gani: cokula, murafan kwano, awarwaro, zobe, mabuɗan da aka yi ta rigima a kansu shekara da shekaru. Sai ya wanke su tas ya baza a tabarma, matan gidan su aiko yara kowa ta ɗauki nata, a yi ta dariya ana tuna wadda aka zarga da sata. Abin da ba mai shi, in maigida ya yafe, ya zuba a aljihu ya kawo wa jikoki. Ɗiyata Hajara, wadda yake kira amaryarsa, tana da gwangwani guda cike da duwatsun wuya da ya tsinto mata. In ya shigo sai ta tare shi ta ce ina tsarabar miji, shi kuma ya ce wace irin amarya ce wannan da ba ta iya ko dama fura ba.

Shekarun fari mun sha aiki har muka gaji da shi. Rijiyoyi suka ƙafe, kowa na son a ƙara masa zurfi, mukan fasa marmara wuni guda mu fito da abin da bai cika guga uku ba. Amma muguwar shekara a wurinmu ba ta fari ba ce, ta arziki ce. Kuɗin mai suka shigo gari, naira ta zo sabuwa fil, aka ja famfo lungu-lungu. Mutanen da jiya suke layi a zaurenmu suka fara cike rijiyoyinsu da shara, wasu suka mayar da su masai. Baba ya ga wata da ya haƙa da ƙuruciyarsa an yi mata haka, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Abokan sana'armu suka watse, wasu suka koma buga bulo, wasu gadi. Mu ma mun yi watanni sai ciro guga da ƙugiya kawai muke samu. Duk da haka Inna ba ta fasa wanke fitila da safe ba.

Sai gine-gine suka yi yawa har famfo ya kasa. Siminti na son ruwa, ruwa kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Masu kwangila suka fara neman mu da mota.

Aikin da zan faɗa muku yanzu na wani Alhaji Mamman ne, ɗan kwangila, da yake gina gidan sama a gefen GRA. Akwai tsohuwar rijiyar lambu a filin, mai zurfi, yana so a yashe ta a ƙara mata, don masu buga bulo su samu ruwa. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce muku ba haka ba. Da kansa yake kawo mana abinci a bayan mota. Matsalar rijiyar ita ce idonta da ƙarfi, muna kwasa da guga tana mayarwa, ba mu samu mu kai ga laka ba. Da ya ga wahalar ta yi yawa, sai ga shi da injin jan ruwa, ja, sabo, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Ya ce tausayinmu ya ji.

Kada ku ɗauka Baba irin tsofaffin nan ne masu gudun sabon abu. Ya zagaya injin nan yana shafa shi yana murmushi, ya ce da an yi wannan tun yana yaro da bayansa bai lanƙwashe ba. Aka tayar da shi a bakin rijiya, ya yi ta ƙara, ruwa bai hau ba, zurfin ya fi ƙarfinsa. Baba ne ya samo dabara. Ya sauka zuwa tsakiyar rijiya, ya sara ramuka a bango, ya gitta azara biyu, ya shimfiɗa katako, ya bar gefe guda inda mutum zai wuce. Muka zura injin da igiyar guga muka zaunar a kai, muka ɗaure igiyar a sama don kada girgiza ta jefa shi ƙasa. Aiki ne mai kyau, har masu bulo suka zo kallo. Saura igiya ɗaya ke nan a hannunmu, ta mutum.

Injin ya yi ta aiki tun hantsi, ruwa na bulbulowa, muna zaune a inuwa muna mamaki. Da muka idar da azahar mansa ya ƙare ya mutu don kansa, rijiya ta koma laka. Baba ya ce a bari hayaƙin da muke gani ya washe, aka bari. Ko da yake ya gwada fitila da safe, ya sake kunna ta, ya yi bisimilla, ya zura. Na tsaya kusa da shi ina kallo. Ta wuce katako, ta kai har ƙasa, tana ci lafiya lau, wutarta ko rawa ba ta yi. Ya ce a bar ta a rataye can, tunda katako ya tare haske. Sannan ya ce Sani ya sauka.

Sani ya sauka, ya kwance igiya daga ɗamara kamar yadda muke yi don kada ta harɗe da dagi, ya ɗaura ta a guga, ya fara cikawa yana waƙarsa. Ubanka, Kabiru, muryarsa ba daɗi, amma ba ya gajiya da ita. Na jawo guga na zubar, na mayar. Sai waƙar ta fara ja, kamar mai jin barci. Sai ta tsaya.

Baba ya kira shi, shiru. Muka leƙa ta gefen katako. Ga Sani zaune cikin laka ya jingina da bango, kansa a kan ƙirji, ga fitila kusa da kafaɗarsa tana ci. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya dubi Sani, ya dubi fitila, ya sake duban Sani. Da ta mutu da ya san abin yi, rassan bedi na nan kusa. Amma tana ci. Ya ce ko maciji ne. Na ce bari in sauka, har na kai hannu ga ɗamara, ya ture ni da gwiwar hannu, ya ɗauke ɗamarar, ya jawo igiya ya ɗaura wa kansa. Shi ya saukar, shi zai fitar.

Yana sauka yana magana, bisa dokarsa. Ya wuce katako. Na ji nauyinsa ya bar igiya, ya kai ƙasa ke nan.

"Ba cizo jikinai," ya ce daga can. "Shina numhwashi. Hitila ko tana ci." Sai kuma ya ce, "Kaina ke sarawa. Wanga abu ban san shi ba."

Na ce ya riƙe igiya in fito da shi tukuna, mu san abin da ake ciki. Ta hannuna na ji yana kwance ƙullin ɗamararsa, na ji yana ɗaura wani, a hankali, yatsunsa na kuskurewa, shi da yake ƙulli ido rufe. Sannan muryarsa ta taso, a kasalance amma sarai.

"Lawal. Ja."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Hannuna ya riga ni, ya fara ja. Nauyin mutum ne da ya saki jiki, irin wanda ya koya mini ganewa ido rufe. Masu bulo suka kama mini. A wurin katako kafaɗar Sani ta maƙale, muka sassauta, muka karkata, muka sake ja, duk wannan lokaci na tafiya. Muka fito da shi muka shimfiɗe, na kwance igiya na jefa ta ƙasa, ina kiran Baba ya kama.

Igiyar ta tsaya a hannuna ba nauyi. Na girgiza ta, na kira, na sake kira. Ba waƙa, ba zikiri, ba tari.

Na sa ƙafa a ramin farko, ƙarti huɗu suka danne ni a ƙasa. Direban Alhaji ne ya iso a guje yana cewa kada a bar kowa ya shiga, hayaƙin inji ne, ya taɓa ganin ya kashe mutum a garejin da aka rufe, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, wuta kuma ba ruwanta da shi. Ina jin maganar kamar da wani yare yake yi. Mugun iskan da fitila ba ta sani ba? Wa ya taɓa gaya mana akwai shi?

Da ƙugiya muka fito da shi. Ƙugiyarsa ta ciro guga, ita na zura da hannuna, na yi ta lalube har ta kama ɗamararsa. Har yau in na tuna wannan sai in rasa inda zan sa kaina. Fuskarsa ba ta canza ba, har wani ja ta yi kamar mai lafiya, shi ya sa na yi ta jijjiga shi a bayan motar Alhaji har asibiti. A can aka ce mana ya riga ya cika. Sani ya farfaɗo da la'asar yana amai, yana tambaya wa ya fito da shi.

Kafin mu bar filin, wani cikin masu bulo ya jawo siririyar igiyar nan. Fitilar ta fito tana ci. Ni na hure ta da bakina.

Sani bai sake shiga rijiya ba, ciwon kai ya bi shi shekaru, ya koma sayar da itace, ya yi aure ya haife ku, kai da yayyenka. Ni na ci gaba har gwiwa ta ƙi. Na bi duk mai haƙar rijiyar da na sani a garin nan na gaya masa kada ya yarda inji ya shiga rami, kada kuma ya yarda da fitila in inji ya yi aiki kusa. Wasu sun ji. To wannan ita ce sana'ar da ka ce ta masu ƙoshi da tuwo ce, Kabiru. Ƙullin da kakanka ya yi da yatsun da suka fara mutuwa, shi ya sa kake zaune nan.

Saura abu ɗaya. Gab da magariba muka iso Ƙofar 'Yandaka da shi. Dattawan unguwa suka ce ni zan fara shiga. Ban ma san fitilar na hannuna ba sai da na ga Inna tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, inda take tsayawa kullum. Hajara ta sheƙo tana tambayar tsarabar miji, wata maƙwabciya ta ɗauke ta. Inna ba ta dubi fuskata ba, hannuna ta duba. Ta karɓi fitilar, ta karkata ta ga sauran mai, ta taɓa lagwani.

"Mutuwa ta yi bai gani ba?"

Na ce, "Ba ta mutu ba, Inna. Tana ci muka hiddo shi."

Ta yi salati a hankali, ta zauna a kan turmi, fitilar a cinyarta. Ta tambayi labarin Sani, na ce yana asibiti, ya farfaɗo, gobe za a sallame shi. Ta ɗaga kai ta dube ni tun daga sama har ƙasa, kamar mai tabbatar da ni ne.

"Biyu ya ce, biyu ya maido," in ji ta. "Ni ce ban ce mashi uku ba."